Bayan Ruwa Ya Janye: Tarihin Yaran Buffalo Creek

Da misalin ƙarfe takwas na safiyar Asabar, 26 ga Fabrairun 1972, wata madatsar ruwa ta ɓalle a saman wani ƙuntataccen kwari da ake kira Buffalo Creek, a gundumar Logan ta jihar West Virginia a Amurka. Ranar babu makaranta, don haka yawancin yara suna gida, wasu ma ba su tashi daga barci ba. An kwashe kwanaki ana tafka ruwan sama. Ita kuwa madatsar ba da siminti aka gina ta ba. Tarkacen kwal ne da laka da duwatsu waɗanda kamfanin Buffalo Mining, reshen kamfanin Pittston, ya yi shekaru yana jibgewa a kan rafi, har suka tare ruwan da ake wanke kwal da shi. Da ta ɓalle, baƙin ruwa mai kauri, kimanin lita miliyan 500, ya gangaro kan ƙauyuka 16 da ke jere a gefen rafin, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita tara. Cikin sa'o'i uku ya isa garin Man da ke ƙarshen kwarin. Mutum 125 suka mutu, sama da 1,000 suka jikkata, fiye da 4,000 suka rasa matsuguni, daga cikin kusan 5,000 da ke zaune a wurin.

In da yawan mamata ake auna bala'i, da tuni an manta da Buffalo Creek, domin an yi ambaliyar da ta ninka ta sau ɗari kafin ta da bayanta. Abin da ya ba ta matsayi a tarihin likitanci shi ne, a nan ne likitocin ƙwaƙwalwa suka zauna da ɗaruruwan yara da matasan da suka tsira, ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta abin da suka gani, sannan suka koma neman waɗannan yaran bayan shekara 17. Sakamakon ya sauya tambayar da ake yi game da matashin da ruwa ya raba da gidansa. Kafin nan ana tambayar irin tashin hankalin da ya gani a ranar ambaliya. Bayan nan aka koyi tambayar inda aka kai shi, da waɗanda aka raba shi da su, da halin da iyayensa suka shiga, da tsawon lokacin da ya yi ba ya zuwa makaranta.

"Yaro ne, zai manta"

Har zuwa farkon shekarun 1970, abin da yawancin likitoci suka ɗauka bai yi nisa da abin da talakawa ke faɗa ba: yaro ba ya riƙe abu. Wannan ra'ayi yana da tushe a wani bincike na gaskiya da aka yi wa gurguwar fahimta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da yara a gidajen reno na Hampstead a Landan, yayin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a birnin. Sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙaramin yaro fiye da ƙarar bam, kuma tsoron yaro yakan bi sahun tsoron uwarsa. Darasin da ya kamata a ɗauka shi ne a guji raba iyali. Darasin da mutane da yawa suka ɗauka kuwa shi ne bala'i ba ya yi wa yaro illa mai ɗorewa.

Littattafan likitoci ma ba su taimaka ba. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta wallafa a 1952 don rarrabe cututtuka ya ambaci wata dimuwa da kan kama mutum bayan yaƙi ko gobara ko girgizar ƙasa, amma ya ɗauke ta a matsayin abu mai saurin wucewa. Bugu na biyu da ya fito a 1968 ya cire ta ɗungurungum. Saboda haka, a ranar da madatsar Buffalo Creek ta ɓalle, babu wani suna a hukumance ga ciwon mutumin da shekara biyu bayan bala'i har yanzu ba ya iya barci in hadari ya haɗo. In alamun suka daɗe, sai a ce dama can yana da rauni a halittarsa.

Sansanoni goma sha uku

Agaji ya isa kwarin da sauri. Sojojin jiha suka share hanya, aka kwashe gawarwaki, makarantar sakandaren Man ta zama mafakar waɗanda suka tsira. Ma'aikatar gidaje ta tarayya ta kawo ɗaruruwan gidajen tafi-da-gidanka, irin na kwano masu taya, ta jera su a sansanoni 13. Hanyar rabon ta yi kama da adalci: wanda ya riga zuwa shi ake fara ba wa. Ba wanda ya tambayi mutum daga wane ƙauye ya fito, ko su waye maƙwabtansa.

Wannan ƙaramin tsari na ofis ya yi ɓarnar da ba a hango ba. Mutanen kwarin ma'aikatan haƙar kwal ne da iyalansu, waɗanda suka yi shekara da shekaru ƙofa na kallon ƙofa. Mace takan shiga ɗakin girkin maƙwabciyarta ba tare da ƙwanƙwasawa ba, in wani ya kwanta ciwo unguwa ce ke jinya, kuma ɗa na kowa ne, duk babban da ya ga yaro yana ba daidai ba yana da ikon tsawata masa. Sansanonin suka warwatsa wannan zama. Iyali suka tsinci kansu a tsakiyar baƙi, a ɗakunan da ake jin maganar maƙwabci ta bango, babu filin wasa, babu dandalin hira. Komawa gida ma ta gagara ga da yawa, domin gwamnatin jiha ta ƙudiri aniyar shimfiɗa sabuwar hanyar mota ta tsakiyar kwarin, ta hana gini a filaye masu yawa. Zaman da aka ce na wucin gadi ne ya kai shekaru ga wasu.

Kai Erikson, masanin zamantakewa daga Jami'ar Yale, ya zo kwarin a 1973, ya karanta dubban shafukan shaidar da mazauna suka bayar, ya kuma zauna da su. A littafinsa na 1976 mai suna Everything in Its Path ya bambanta rauni iri biyu. Akwai wanda ke samun mutum shi kaɗai, farat ɗaya, lokacin da ya ga abin da zuciya ba za ta iya ɗauka ba. Akwai kuma wanda ke samun al'umma, a hankali, lokacin da igiyoyin da suka ɗaure mutane da juna suka tsinke. Hujjarsa ita ce na biyun yana hana na farkon warkewa, tunda mutum a cikin jama'arsa yake farfaɗowa, ga shi kuma jama'ar ce ta watse. Mazauna sun gaya masa cewa shaye-shaye ya ƙaru, aure yana mutuwa, sata ta bayyana inda ba a san ta ba, kuma matasa sun fara fanɗarewa.

Yadda maganar ta kai kotu

Kwanaki kaɗan bayan ambaliyar, wani jami'in Pittston ya gaya wa manema labarai cewa abin da ya faru aikin Allah ne, madatsar ta kasa riƙe ruwan da Allah ya zuba mata. A dokar Amurka wannan lafazi yana da ma'ana ta musamman: bala'in da ba hannun mutum a ciki, wanda ba a biyan diyya a kansa. Mutanen kwarin masu riƙo da addini ne, kuma maganar ta ƙona musu rai, domin sun san wanda ya jibge tarkacen, sun kuma san an sha kai kuka a kan madatsar. Ruwa ba ya tsami banza.

Sama da mutum 600 suka shigar da ƙara, suna neman diyyar dala miliyan 64, ƙarƙashin jagorancin lauya Gerald Stern na kamfanin lauyoyi na Arnold & Porter da ke Washington. Stern ya fahimci cewa kuɗin gidajen ma'aikatan kwal da kayan ɗakinsu ba za su taka kara su karya ba. Babbar asarar tana cikin zukatan mutane. Don haka ya gina ƙarar a kan raunin da ambaliyar ta yi wa tunani, ya gayyato tawagar likitocin ƙwaƙwalwa daga Jami'ar Cincinnati, tare da Robert Jay Lifton wanda ya yi suna a nazarin waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima. Kamfanin ma ya sa nasa likita ya duba masu ƙarar, kuma matsayinsa shi ne na littattafan wancan zamani: wanda har yanzu yake fama, dama can da matsalarsa.

Pittston ya nemi kotu ta kori ƙarar waɗanda ba sa cikin kwarin lokacin da ruwan ya zo, tunda ko ɗigo bai taɓa su ba. Alƙali K. K. Hall ya ƙi. A tsakiyar 1974, kafin a fara sauraron shari'ar, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 13.5, wato kimanin dala 13,000 ga kowane mutum bayan an cire kuɗin lauyoyi. Wata ƙarar dabam da aka shigar a madadin yara 348 ta ƙare da sulhun dala miliyan 4.8. Kuɗin ba su da yawa. Amma shari'ar ta bar abin da ya fi kuɗin daɗewa: rubutaccen bayanin halin da kowane mai ƙara yake ciki shekara biyu bayan ambaliya, har da yara.

Abin da aka gani a cikin yaran

Likita Janet Newman, wadda ke cikin tawagar Cincinnati, ta wallafa bayaninta a 1976. Yara 224 ne cikin masu ƙarar, kuma ta ce yawancinsu ambaliyar ta bar musu tabo. Ta ambaci abubuwa uku da ke tantance girman tabon: matakin girman yaro lokacin da abin ya faru, abin da ya gani da idonsa, da yadda ya ga iyalinsa sun karɓi lamarin.

A 1980 bugu na uku na kundin likitocin Amurka ya shigar da sabon suna, ciwon firgici mai biyo bayan masifa, wanda ake taƙaitawa da PTSD. Tsoffin sojojin yaƙin Vietnam ne suka fi matsa lamba a kan haka, amma shaidar Buffalo Creek tana cikin abin da aka dogara da shi. Alamominsa sun haɗa da dawowar abin da ya faru cikin mafarki ko a farke, gudun duk abin da ke tuna shi, mutuwar jiki ga abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, da zama cikin ɗar-ɗar kullum. Da wannan ma'auni Bonnie Green da abokan aikinta suka koma kan tsoffin bayanan yara 179 waɗanda shekarunsu ke tsakanin 2 da 15 a ranar ambaliyar. A rahotonsu na 1991 suka ce kimanin kashi 37 cikin ɗari da alama suna ɗauke da ciwon shekara biyu bayan bala'in. Ƙananan yara sun fi ƙarancin alamu, manyan sun fi su, kuma 'yan mata sun fi samari. Bayan hatsarin da yaro ya shiga da kansa, abin da ya fi hasashen halinsa shi ne halin iyayensa da yanayin gidan: in gida ya zama na faɗa da ƙunci, yaron yakan fi shan wuya.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan. Yaran masu ƙara ne, an duba su ana tsakiyar shari'ar neman diyya, kuma an ɗora musu ma'aunin da bai wanzu ba lokacin da aka yi hira da su. Masu suka sun faɗi haka tun a lokacin. Sai dai binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe, inda babu kotu babu diyya, ya ci gaba da nuna abu guda: shekaru, jinsi, girman abin da aka gani, da halin gida.

Me ya sa matashi ya bambanta

Akwai wani abin lura a nan. Mahaifin Kai Erikson shi ne Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam da ya shahara da bayanin cewa babban aikin shekarun balaga shi ne mutum ya gano ko shi wane ne. Ɗan ya je Buffalo Creek ya tarar da wurin da aka share duk abin da matashi ke amfani da shi wajen wannan aiki.

Duniyar yaro ɗan shekara huɗu ita ce uwarsa. In tana nan kuma hankalinta a kwance, rabin gidansa bai rushe ba. Ɗan shekara 15 kuwa ya riga ya fara fita daga ɗaki. Rayuwarsa tana wurin abokai, da aji, da filin ƙwallo, da malamin da ya san sunansa, da unguwar da aka san shi ɗan gidan wane ne. Gudun hijira yana kwashe waɗannan duka a rana ɗaya. Ga shi kuma ya isa ya fahimci mutuwa, ya gane cewa sakacin manya ne ya jawo ta, ya yi ta tambayar kansa dalilin da ya tsira alhali abokinsa bai tsira ba.

Sannan matsayinsa a gida yakan sauya. Shi ake aika bin layin abinci, ita ake bar wa ƙanne, kuma dukansu sukan ɓoye damuwarsu don kada su ƙara wa iyaye nauyi. Ma'aikatan agaji suna da shiri don jarirai da mata masu ciki da tsofaffi, matashi kuwa yakan faɗa tsakani: ya wuce a rarrashe shi, bai kai a yi shawara da shi ba. Damuwarsa ma ba ta cika fitowa da kuka ba. Takan fito da saurin fushi, ko rashin barci, ko ciwon kai da na ciki da ba a gano musabbabinsu ba, ko faɗuwa a jarrabawa, ko shaye-shaye, ko yin shiru. Manya sukan kira wannan rashin kunya ko lalaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa ko da babu bala'i, wato ambaliya tana sauka ne a kan shekarun da dama can suke da rauni.

Bayan shekara goma sha bakwai

A ƙarshen shekarun 1980 tawagar Green ta bi sawun yaran, ta samu 99 daga cikinsu, yanzu duk sun zama manya, wasu da nasu 'ya'yan. Rahoton ya fito a 1994. Kashi 32 cikin ɗari na waɗannan sun nuna alamun ciwon bayan ambaliyar, amma bayan shekara 17 saura kashi 7. Yawancinsu sun warke, kuma ta fuskoki da dama ba su bambanta sosai da tsararrakinsu na wani yankin haƙar kwal da ambaliyar ba ta shafa ba.

Wannan sakamako yana gyara kuskure biyu. Masu cewa yaro zai manta sun yi kuskure, domin kashi ɗaya cikin uku suna fama bayan shekara biyu. Masu cewa an yi asarar tsara guda su ma sun yi kuskure. Sai dai warkewar ba tabbas ba ce, kuma akwai misalin da ke nuna haka. A ranar 21 ga Oktoban 1966, tarin tarkacen kwal da ruwan sama ya jiƙa ya zame ya danne makarantar firamare a ƙauyen Aberfan na yankin Wales a Birtaniya, ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara. Bayan shekara 33 masu bincike suka yi hira da 41 cikin yaran da suka tsira: kashi 46 cikin ɗari sun taɓa kamuwa da ciwon, kashi 29 kuma har lokacin suna ɗauke da shi. Inda yaro ya ga mutuwar tsararrakinsa a gabansa, tabon kan bi shi har furfura.

Katrina ta maimaita darasin

A ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka, shingayen da ke kare birnin New Orleans suka fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Sama da mutum miliyan ɗaya suka bar gidajensu, ɗalibai kimanin 370,000 suka rasa makarantunsu. An kai rahoton yara fiye da 5,000 da suka rabu da iyalansu, kuma sai da aka yi wata shida kafin a haɗa ta ƙarshe da danginta. Shekara 33 bayan Buffalo Creek, aka sake loda mutane a motoci da jirage ba tare da sun san inda za a kai su ba, aka sake jera gidajen tafi-da-gidanka a filayen da ke nesa da gari. Hukumar makarantun birnin ta sallami ma'aikata sama da 7,000, don haka ko yaran da suka dawo ba su tarar da malamansu ba.

Masana zamantakewa biyu, Alice Fothergill da Lori Peek, sun bi rayuwar yaran Katrina na tsawon shekara bakwai, suka wallafa littafin Children of Katrina a 2015. Sun ga hanyoyi uku: waɗanda rayuwarsu ta ci gaba da taɓarɓarewa, waɗanda suka sami daidaito, da waɗanda ke tashi suna faɗuwa. Abin da ya raba su bai tsaya ga zurfin ruwan da ya shiga gidansu ba. Yaran da suka fito daga talauci, suka yi ta ƙaura daga mafaka zuwa otal zuwa gidan dangi, suna sauya makaranta a kai a kai, su ne suka fi durƙushewa. Waɗanda suka sami tsayayyen matsuguni, da makaranta guda, da wani babba da ya tsaya musu, ko da ba danginsu ba ne, sun fi miƙewa.

Zuwa wannan lokaci hukumomin agaji sun fara sauya salo. An daina ba da shawarar tara waɗanda suka tsira a sa su maimaita labarin abin da suka gani a zama ɗaya, bayan bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana tsananta shi. Ƙa'idojin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da su a 2007 sun tsara taimakon hawa-hawa. A ƙasa akwai tsaro da abinci da matsuguni cikin mutunci. A samansa akwai haɗa iyali, da maido da makaranta da ibada da harkokin jama'a. Sannan taimakon ma'aikatan da aka horar, ga waɗanda ke buƙata. Likitan ƙwaƙwalwa yana can ƙoli, don 'yan kaɗan da ciwonsu ya yi tsanani.

Daga Buffalo Creek zuwa Alau

Ambaliyar Buffalo Creek ba sauyin yanayi ne ya haddasa ta ba. Amma haɗuwar ruwan sama mai yawa da madatsa mai rauni da talakawa a ƙasanta ita ce surar da ɗumamar duniya ke yawaitawa, domin duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin ɗari. Asusun UNICEF ya ƙirga cewa tsakanin 2016 da 2021 bala'o'in yanayi sun raba yara da gidajensu sau miliyan 43.1 a ƙasashe 44, kuma kashi 95 cikin ɗari ambaliya ce da guguwa. A Najeriya, ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Cikin daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. An rufe makarantu ana farkon zangon karatu, wasunsu suka koma mafaka, aka kuma sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021. Yaron da aka haifa a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke a birnin, yana da shekara 15 a wannan dare. Ga da yawa daga cikin tsararsa, wannan ne gudu na biyu ko na uku.

Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Ko da Maiduguri tana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, babu lissafin da zai sa kowane matashin da ambaliya ta kora ya ga likita. Tarihin Buffalo Creek yana nuna cewa mafi yawan abin da ke tantance makomarsa ba a asibiti ake yanke shi ba. Wannan fahimta ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyatansa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da ɗan uwansa, saboda ya ga mutum ya fi saurin dawowa hayyacinsa a cikin jama'a.

Abin da ya rage shi ne a shigar da wannan sani cikin ayyukan da ake ɗauka ba su da alaƙa da lafiya. Jami'in da ke rabon tantuna yana iya sauke 'yan unguwa ɗaya wuri guda, tare da mai unguwarsu da limaminsu. Hukumar ilimi tana iya buɗe aji ko a ƙarƙashin rumfa cikin makonni, ta kuma tabbatar ɗalibin da takardunsa suka tafi da ruwa bai rasa jarrabawarsa ba. Mai kula da uwar da ta kasa barci yana yi wa 'yarta magani ne ba tare da ya gan ta ba. Malamin da aka koya wa gane alamu zai san lokacin da shirun ɗalibi ya wuce kunya, ya tura shi wurin ma'aikacin lafiya kafin a kai ga maganar kashe kai. Matasan kansu, in aka ba su aiki na gaske a sansani, kamar koyar da ƙanne ko ƙidayar gidaje, sukan daina jin cewa su kaya ne da aka ajiye.

A sansanonin Buffalo Creek takardar rajista ta tambayi suna da yawan iyali, ta ba da lambar gida bisa layi. Da ta ƙara tambaya biyu, wace unguwa aka fito da kuma aji nawa yaran suke, da wani ɓangare na abin da likitocin Cincinnati suka tarar bayan shekara biyu bai faru ba.